Baƙo a Fas: Kasuwa, Kallo da Wankan Hammam

Tun ranar da muka yi shirin nan na tafiye-tafiye a kan birnin Fas na ƙasar Maroko, wayar gidan rediyo ba ta huta ba. Daga Maraɗi da Katsina, daga Damagaram da Daura, har da 'yan uwanmu na zangon Kumasi da na Garwa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: nawa zan riƙe, me zan sayo, kuma wai gaskiya ne akwai ruwan da ke warkar da sanyin ƙashi a can? Minti 45 bai ishe mu ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, mai niyyar tafiya ya samu abin riƙewa a hannu.

Ni ba likita ba ce, ba kuma malamar tarihi ba. Rakiya na yi wa Goggona, yayar mahaifina, muka yi kwana 12 a can. Shekara 3 ta yi tana zubin adashi saboda wannan tafiya. Abin da na koyo a kwanakin nan, in aka dunƙule shi, magana ɗaya ce: abin da ba za ka yarda da shi a kasuwar garinku ba, kada ka yarda da shi a ƙasar mutane don kawai ƙasar tana da kwarjini a idonka. Mu mutanen ciniki ne, a gida ba a yi mana wayo da sauƙi. Amma da mun sauka daga jirgi sai mu ajiye wayonmu a filin jirgin, mu shiga gari da kunya da gaggawa. A nan kuɗi ke tafiya, wani lokaci har da lafiya.

Hanya da kuɗi

Mafi yawan mutanenmu abin da ke kai su Fas ziyara ce, domin a can kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Wasu karatu ke kai su, wasu saro kaya. Jirgi daga Yamai ko Legas ko Akara a Kasablanka yake sauka. A cikin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa, ka hau zuwa cikin gari, daga nan ka kama na Fas, tafiyar awa 4 ko kusa da haka. Maganar biza kuwa kowane fasfo da hukuncinsa, na Nijar daban na Najeriya daban, kuma doka tana sauyawa. Ka tambayi ofishin jakadancinsu kafin ka yanki tikiti, kada ka tsaya ga “wane ya ce”.

Kuɗinsu dirhami ne. Kada ka dogara da cewa za ka samu mai karɓar sefa ko naira a can, ka riƙe yuro ko dalar Amurka tun daga gida. Ka yi canji a banki ko shagon canji mai lasisi, ka adana rasit, don shi zai taimake ka ka maida ragowar ranar komawa, tunda ba a yarda a fita da dirhami mai yawa daga ƙasar ba. Lissafin kai ga masu sefa mai sauƙi ne: yuro 1 sefa 656 ne, kuma dirhami 10 zuwa 11 ne, wato dirhami 1 wajen sefa 60, dala 12 kenan. Dirhami 100 jikka 6. Masu naira da sidi su duba canjin ranar, su rubuta a takarda su sa aljihu.

To ga wani abu da zai ba ku dariya. Kun san yadda a Nijar muke ƙirga da dala, mu ce dala 20 alhali sefa 100 muke nufi? Su ma suna da irin tasu. 'Yan kasuwa da yawa da riyal suke ƙirga, kuma a yawancin garuruwa riyal 20 ne dirhami 1. Ranar farko Goggo ta ɗaga takalmi ta ce in tambaya mata. Mai shago ya ce 2,000. Na buga lissafi na ce mata jikka 120. Ta dire takalmin kamar ta taɓa garwashi, ta ce, “'Yar nan, takalmin zinari ne?” Ashe riyal yake nufi, dirhami 100, jikka 6. Mun ci sa'a mutumin kirki ne, ya yi dariya ya gyara mana. Da wani ne, da shiru zai yi ya miƙo hannu. Saboda haka duk kuɗin da aka faɗa maka ka tambaya, dirhami ko riyal? In ya yiwu ka miƙa masa waya ya rubuta adadin da kansa.

Garin da mota ba ta shiga

Tsohon birnin, wanda suke kira Fasul Bali, an kafa shi tun ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Maulaya Idris, ɗansa Idris na biyu ya raya shi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Mota ba ta shiga cikinsa. Lunguna ne dubbai, wani in ka buɗe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Jakuna da alfadarai da 'yan kura su ke jigilar kaya. In ka ji an ce “balak, balak” a bayanka, ka raɓe jikin bango, kaya ne ke tafe.

Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya shiga ta Babu Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913. Daga nan hanyoyi biyu ke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira. Ka riƙe wannan a ranka: in kana gangara, cikin gari kake shiga; in ka ɓata, ka nemi hawa, za ka fito. Kusa da ƙofar akwai makarantar Bu Inaniya, ginin Sarki Abu Inan na tsakiyar ƙarni na 14. Ka tsaya ka kalli sassaƙar katako da ƙananan tayil masu launi da aka jera ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wannan sarkin yana da alaƙa da mu: shi ne ya aika wa matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa saƙo yana Takadda, a yankin Agadas na yau, a 1353, ya ce ya komo Fas, kuma da umurninsa aka rubuta labarin tafiye-tafiyensa. Haka ma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya tashi, kuma ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir da Agadas tun ƙarni na 16. Kun ga hanyar nan ba yau aka fara bin ta ba.

Can ƙasa akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafa shi ga wata mata, Faɗimatu al-Fihriyya, a 859, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren karatu na duniya. Gefensa makarantar Aɗɗarin take, sai dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke ta bugu tun safe. Zawiyar Shehu ba ta da nisa daga nan, kuma 'yan unguwar sun saba da baƙi daga Senegal da Mali da ƙasar Hausa. 'Yan uwanmu da ba Musulmi ba su sani cewa a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallaci, in ban da babban masallacin Hasan na biyu a Kasablanka, wanda aka gama a 1993, mai hasumiya mita 210. Makarantun tarihi irin su Bu Inaniya kuwa kowa na shiga, da ɗan kuɗin ƙofa.

Abu biyu game da jiki. Garin hawa da gangara ne, dutse ne a ƙasa, saboda haka tsoho mai ciwon gwiwa a raba masa yawo, safe kaɗan yamma kaɗan. Sannan daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da ruwan sama, sanyin da ya fi na hunturunmu shiga ƙashi, a tafi da rigar sanyi da safa. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, kada ka bar sayayya sai ranar.

Ɗan jagora da la'adarsa

Da ka shiga ƙofa samari za su tare ka. Wani ya ce hanyar nan a rufe take, biyo ni. Wani ya ce ni ba kuɗi nake so ba, don Allah nake yi. Hanyar ba a rufe take ba, kuma ƙarshen tafiyar shagon wani ne. 'Yan jagora na gaskiya suna da katin hukumar yawon buɗe ido, ka nemi a nuna maka, ku gama magana a kan kuɗi da awa nawa kafin ku ɗaga ƙafa. Ko da mai katin ne, ka sani cewa sau da yawa shagon da ya kai ka yana da la'adarsa a ciki, kuma a cikin kuɗin kayanka take. Dillali dai dillali ne, ko a Jibiya ko a Fas. Dabarar ita ce ka yi kallo da ɗan jagora yau, ka dawo sayayya kai kaɗai gobe.

Kafin ka fara ciniki, ka leƙa cibiyar masu sana'ar hannu da ake kira Ensemble Artisanal, a sabon gari. A can galibin kaya da kuɗinsu a rubuce. Ko ba ka sayi komai ba, ka san ma'auni. A cikin kasuwa kuwa al'adar kamar tamu ce: ya faɗi sama, ka taya ƙasa, ya yi tasa irin albarka, ku haɗu a tsakiya. Kalma biyu za su yi maka amfani, “bishhal” wato nawa, da “ghali bizzaf” wato ya yi tsada da yawa. In an kawo maka shayin na'a-na'a ka sha ka gode, karamci ne, ba ka ci bashin kowa ba. Amma in ka taya aka sallama, to ka biya, don janyewa bayan sallama abin kunya ne a can kamar yadda yake a nan.

Fata, man argan da za'afaran

Majemar Shuwara ita ce wurin da kowa ke ɗaukar hoto. Ta saman shagunan fata ake hango ta, a ba ka reshen na'a-na'a ka kare hanci. Fararen ramukan na farar ƙasa ne da kashin tattabara, masu cire gashi da tausasa fata, masu launin kuma na rini. Duk wanda ya san majema a Kano ko Damagaram ba zai ga baƙon abu ba. Kuma kada mu manta, shekaru aru-aru fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ayari ke ɗauka ya ƙetare hamada da ita, daga arewacin Afirka ta shiga Turai, can a kira ta fatar Maroko. To ɗan ƙasar jar akuya bai kamata a sayar masa da roba da sunan fata ba. Ka shinshina: in tana ɗoyi jimar ba ta nuna ba, kuma ɗoyin ba zai fita ba. Ka goga ɗan jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in launi ya biyo shi haka zai ɓata maka riga. Ka duba ɗinki ta ciki.

Man argan shi ne tsarabar da mata suka fi yi mini saƙo a kai. Bishiyar kamar aduwa take, ga ƙaya, ga ƙwallo mai tauri, man a cikin ƙwayar yake. A kudu maso yammacin ƙasar take fitowa, wajejen Agadir da Sawira, tafiya mai nisa daga Fas. Mata ke fasa ƙwallon da dutse ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an tara wajen kilo 30 na busassun 'ya'ya kafin a samu lita 1. Darajarta ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 10 ga Mayu tun 2021. Yanzu ku faɗa mini, abin da aka sha wannan wahala a kansa, ta yaya za a sayar da lita a kuɗin man gyaɗa? Mai arhar nan an sirka shi da man girki. Iri biyu ne: na ci, wanda aka soya ƙwayarsa, ya fi duhu da ƙamshi, da na shafawa, wanda ba a soya ba. Ka nemi kwalba a rufe, mai sunan ƙungiyar da ta tatsa da kwanan wata. Ƙaramar kwalba ta gaskiya ta fi babbar jarka ta bogi.

Za'afaran kuwa ni da kaina aka yi wa. Na gaske daga yankin Taliwin yake zuwa, kuma sai furanni wajen 150,000 ke ba da kilo 1, shi ya sa da giram ake sayar da shi. Wani ya cika mini leda da 'yan kuɗi kaɗan, ina ta murna na yi ciniki. Da muka koma masauki mai gidan ta jefa kaɗan a ruwa, nan take ruwan ya yi ja jawur, zaren ya koɗe. Ta ce na gaske a hankali yake sakin launi, ruwan ya yi rawaya, zaren ya tsaya da jansa. Na sayi rinannen fure kenan. Araha dai ba ta ado.

Hammam

Mu zo kan wanka. Hammam gidan wankan tururi ne na unguwa, kuma ga mutanen Maroko abin kowane mako ne, kamar yadda mata a nan ke zuwa kitso. Maza daban mata daban, ko dai gini biyu ko kuma lokaci biyu. Galibi ɗaki uku ne a jere, mai sanyi-sanyi, mai ɗumi, sai mai zafi na can ciki kusa da tukunyar ruwa. Ka zo da bokiti da moɗa da 'yar tabarmar roba da tawul da wandon canji, domin ba a tsiraici.

Tsarin haka yake. Ka zauna a ɗumi har jiki ya saki gumi. Ka shafa sabulun baldi, wani baƙin sabulu mai laushi kamar man shanu da ake yi da zaitun, ɗan uwan sabulun salo. Ka bar shi 'yan mintoci ka ɗauraye. Sai a zo da kis, safar hannu mai kaushi, a dirje ka, ka ga datti na mulmulowa har ka ji kunya. Daga nan a shafa gasul, wani yumɓu da ake haƙowa a yankin duwatsun Atlas, a jiki da gashi. Wadda ta san dilka irin ta Sudan da Chadi da Barno za ta gane gidan. Mu dirhami 20 muka biya kuɗin shiga a na unguwa, mai dirza kuma aka yi mata nata daban. Na otal-otal da aka yi don 'yan yawon buɗe ido yana cin ɗaruruwa, alhali sabulun da yumɓun duk iri ɗaya ne, ƙawa da kaɗaici kake saye.

Daɗi kam akwai daɗi, jiki ya yi sakayau, barci ya zo. Amma ga inda nake so a saurara da kyau. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, gumi yana zubar da ruwan jiki, sai jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu. Mutum ya miƙe da sauri, jiri ya kwashe shi a kan daɓe mai santsi. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai juna biyu, da tsoho mai rauni, su tambayi likita tun a gida, in sun shiga kuma su tsaya a ɗakin ɗumi. Mai ciwon sukari ya gwada ruwa da hannu ko gwiwar hannu, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, ya ƙone bai sani ba. A sha ruwa kafin shiga da bayan fita. Kis kuwa kowa ya sayi nasa, ba ya da tsada, kada a yi tarayya. Mai rauni ko ƙuraje a fata ya haƙura da dirza.

Ruwan Maulaya Yaƙub da ƙaho

Ruwan da kuke ta tambaya shi ne na Maulaya Yaƙub, wani ƙauye mai nisan kilomita 20 ko kusa daga Fas. Ruwa ne mai gishiri da farar wuta, yana fitowa daga ƙasa da zafin da ya haura digiri 50, warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Masu ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata suke zuwa. Akwai ɓangaren talakawa mai sauƙin kuɗi, akwai na zamani mai ma'aikatan lafiya. Mutanen Agadas sun san irinsa a Tafadak. Ruwan zafi yana sassauta tsoka, yana rage raɗaɗi na wani lokaci, mutum ya ji sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma gwiwar da gurunguntsinta ya cinye ba za ta koma sabuwa don an jiƙa ta kwana 3 ba. A je da niyyar samun sauƙi, kada a sayar da gona da niyyar warkewa. Sharuɗɗan hammam duk suna aiki a nan, kuma ba a daɗewa a ciki.

Ƙaho, wanda suke kira hijama, shi ma za ku gan shi ko'ina. Mu da muke da wanzamai ba sai an yi mana bayani ba. Tambaya ɗaya ce: rezar sabuwa ce, an buɗe ta a gabanka? Kofunan fa, na mutum ɗaya ne? Ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, ba ruwansu da ƙasar da kake. Mai shan maganin tsinka jini, mai ƙarancin jini da mai sikila su nisanci tsaga sai da izinin likita.

Abin da ya faru da Goggo

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na nace a yi wannan shiri. Goggo tana da hawan jini, shekara 6 tana shan ƙwaya kullum safe. A kasuwar masu kayan ƙamshi da saiwoyi, wani mai shago mai daɗin baki ya haɗa mata garin ganye a leda, ya ce in ta sha mako 2 ta rabu da ƙwayar Bature har abada. Ba suna a jiki, ba ma'auni. A gida da mai tallar magani a bakin tasha ya faɗa mata haka, da tsaki za ta yi ta wuce. Amma nan ƙasar waliyyai ce a idonta, sai ta karɓa hannu biyu. Ta ajiye ƙwayarta ba ta gaya mini ba.

Kwana na 4 ta tashi da ciwon kai a ƙeya, tana ganin hazo-hazo, kuma a ranar muka shirya komawa hammam. Na ce mu fara biyawa shagon magani. Aka gwada, 18 a ƙirgar Nijar, wato 180 a ta Najeriya. Mai shagon ta ce maza wurin likita. A hanya Goggo ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, kada ki gaya wa babanki.” Na ce, “Goggo, ni dai ki koma kan maganinki, sauran magana sai mun je gida.” Likita ya duba ta, ya maida ta kan ƙwayarta, ya ce a zubar da garin. Kuɗin da muka ware na tsaraba rabi a nan ya tafi. Allah Ya kiyaye, amma na kwana ina tunanin yadda zan bugo waya gida in da abin ya zo da ƙarar kwana. Da izininta nake ba da labarin, ita ta ce in faɗa don wani ya tsira.

Ba ina kushe maganin gargajiya ba ne, da shi aka rene mu. Su kansu hukumomin lafiya na Maroko suna da cibiyar yaƙi da guba a Rabat, kuma ta daɗe tana gargaɗi a kan wasu tsirrai da ake samu a irin waɗannan shaguna. Akwai addad, wata ƙaya mai saiwa mai zaƙi da ke lalata hanta, ta kashe yara da dama. Akwai kaɗran, baƙin mai kamar kwalta da wasu ke shafa wa jarirai, shi ma yana da guba. Wanda aka haifa a can ya san wanne ake sha, wanne ake turare kawai. Kai baƙo ba ka sani ba, ga shi ba ka jin harshen sosai. Saboda haka mai shan magani kullum ya tafi da wanda zai ishe shi har da ƙari, a cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu. Kuma ɗan rakiya ya riƙa gani da idonsa an sha.

Kafin a ɗaure kaya

Abu biyu na kwalliya a yi hattara da su. Tozalin dutse, irin mai ƙyalƙyali, sau da yawa dalma ce a cikinsa, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Kada a sayo shi tsarabar jarirai. Sai baƙin lalle da ake zana wa baƙi a dandali, musamman a Jami'ul Fana ta Marrakish: lalle na gaske ja ne ko ruwan ƙasa, baƙin nan sinadarin rina gashi ake zuba masa, yana iya tayar da ƙuraje kamar ƙuna, ya bar tabo.

Man argan da ruwan wardi a sa su a babbar jaka, a naɗe da leda, don ba a shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a hannu. A auna kaya tun a masauki, tukwanen tagulla da tangaran nauyi gare su, kuɗin ƙarin kilo yana iya fin kuɗin kayan. Mai saro jallabiya da takalma da yawa ya riƙe rasit saboda kwastan, ko duwan kamar yadda muke cewa a wannan ɓangaren.

Goggo ta dawo da takalmanta na riyal 2,000, da carbi, da 'yar kwalbar argan ɗaya tak wadda har yau take ɓoyo a ƙasan akwati. Ta yi ziyararta, ta ce ranta ya yi fari, kuma ta sake shiga wani adashin. Ranar da na je gaishe ta, kafin in zauna ta ɗaga mini kwalin maganinta ta ce, “Kin gani, na sha na yau.”

Mai tambaya ya aiko ta lambar shirin kamar kullum, za mu karanta a fili. Mako mai zuwa za mu leƙa kasuwannin Alƙahira tare da ɗalibanmu da ke karatu a can. Kafin nan, a gaida mutanen gida, Allah Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.